Kyamarar kafaɗa za ta iya ɗaukar gilashin akwati?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan kamfanin ɗaukar bidiyo a Tudun Wadan Zariya. Muna ɗaukar hawan sallah, tafsirin azumi, bikin yaye ɗalibai, wani lokaci har da ƙwallo. Kyamarorinmu biyu ne, na kafaɗa, masu sensa 2/3. Wani dillali a Legas ya turo mini hoton babban gilashin nan mai kama da akwati, Canon mai janyowa sau 86, na hannu, kuma kuɗin da ya yanka bai yi yawa ba. Shin zai hau kan kyamarata? Akwai mai walda a Sabon Gari da ya ce zai ƙera mini ƙarfen da zai riƙe shi. In saya ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko bakin gilashin da na kyamarar za su haɗu, ko akwai abin da zai ɗauki nauyin, da kuma ko aikin da kake yi yana buƙatar wannan ɗawainiya. Ta farko ita ce mai sauƙi, kuma ita kaɗai dillalin zai yi maka magana a kai.

Bakinsu ɗaya ne

Kusan duk kyamarorin talabijin masu sensa 2/3 (sensa ita ce farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara, 2/3 na inci kuma sunan ajin girmanta ne), na Sony ne ko Panasonic, Ikegami, Hitachi ko Grass Valley, bakinsu ɗaya ne, wanda ake kira B4. Ƙa'idarsa ita ce tazarar milimita 48 daga bakin zuwa inda hoto ke sauka, hoton kuma yana sauka a kan fili mai faɗin milimita 9.6 da tsayin 5.4. Gilashin akwati da ƙaramin gilashin da ke kan kyamararka yanzu duk don wannan ma'aunin aka yi su. Saboda haka ta fuskar haske babu abin da ya raba su. Idan da gaske kyamararka 2/3 ce, hoton zai cika, zai kuma fito daidai.

Na ce "da gaske" domin na sha ganin mutum ya rantse tasa 2/3 ce, a duba a tarar 1/2 ce ko 1/3. Sony PMW-320 ta rabin inci ce, Panasonic AG-HPX370 kuma 1/3, alhali a ido dukkansu kamar manyan 'yan'uwansu suke. Duba lambar da ke jikinta kafin komai. Kyamarar da gilashinta a manne yake, ba ya cirewa, ita kam ba ta cikin wannan zance.

Dalilin da ya sa ake haɗa kyamarar kafaɗa da gilashin akwati ma shi ne tattali. Da can kyamarar situdiyo daban take, ƙatuwa, ba ta sauka daga kan tayoyinta, ta kafaɗa kuma daban. Da aka kai lokacin da cikinsu ya zama ɗaya, kamar Sony HDC-1000 ta situdiyo da HDC-1500 ta kafaɗa, sai tashoshi suka ga babu dalilin sayen biyu. A sayi ta kafaɗa, yau a ɗora ta bayan babban gilashi a filin ƙwallo, gobe a zare ta mai ɗauka ya saɓa a kafaɗa ya shiga cikin jama'a. Yanzu yawancin abin da kake hange a filayen wasa kana zaton ƙatuwar kyamara ce, ƙaramar ce a zaune cikin sirdi.

Wa ke ɗaukar wa?

Nan ne zancen yake. Gilashin da ke kan kyamararka bai wuce kilo 2 ba, bakin B4 kuma don irinsa aka yi shi. Canon mai sau 86, wato XJ86x9.3B, kilo 23.5 ne, tsawonsa kusan santimita 60. Kuma ba nauyin kaɗai ba ne. Ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi jikin ƙirjinka, sannan ka miƙa hannu da shi, za ka ji bambanci. Tsakiyar nauyin ƙaramin gilashi tana kusan santimita 10 daga bakin kyamara, ta babban kuwa wajen 30. Idan ka lissafa, ƙarfin da zai riƙa ɓanɓaro bakin ya ninka na ƙaramin fiye da sau 30. Bayan wannan bakin kuma akwai firizim, gilashin da ke raba haske zuwa ja da kore da shuɗi, da sensa uku manne a jikinsa. Idan gaban kyamara ya lanƙwashe, gyaransa ya fi ƙarfin duk wani mai gyara da na sani a Kaduna ko Kano.

Shi ya sa ake juya lissafin. Gilashin ne maigida, kyamara baƙuwa ce a bayansa. Gilashin akwati ba ya murɗuwa a bakin kyamara kamar ƙarami, rataye shi ake yi a jikin wani farantin ƙarfe mai ƙugiya, farantin yana tsaye a kan gado, gadon yana kan tirafod, wato abin nan mai ƙafa uku da ake kafa kyamara a kai. Kyamara sai ta zo ta baya, ta zauna a kan gadon, ta haɗa baki da farantin ba tare da ta ɗauki ko kilo ɗaya ba.

Ana yin wannan ta hanya biyu. Akwai matallafi, wanda kamfanonin gilashi ke yi, kamar Canon SUP-NS3 ko jerin ELH na Fujinon. Shi ƙarfe ne da maratayi da wurin zaman kyamara mai hawa da sauka, sai wayar da ke juya fulogin babban gilashi mai fil 36 zuwa na kyamara mai fil 12. Ba ya zaɓen kyamara, duk mai bakin B4 tana iya zama. Sai kuma cikakken sirdi, wanda masu kyamara ke yi: HDLA na Sony, AK-HBU500 na Panasonic, SuperXpander na Grass Valley, da abin da Ikegami ke kira System Expander. Shi wannan yana mayar da ta kafaɗa ta zama ta situdiyo sak. Akwai maɓallai a baya inda hannun mai ɗauka yake, akwai mazaunin babban allon dubawa mai inci 7, akwai jar fitilar da ke nuna kyamarar da ke kan iska, wuta kuma tana zuwa masa ta kebul ɗaya daga CCU, wato na'urar da ke sarrafa kyamara daga nesa. Amma kowane sirdi da dokinsa. HDLA an yi shi ne don jerin HDC, ba zai karɓi kyamarar Panasonic ba, ba zai ma karɓi kowace Sony ba. Tunda naka masu ɗauka a kati ne, ba masu aiki da CCU ba, kamar yadda na fahimta daga irin aikin da ka lissafa, matallafi ne hanyarka. Manta da sirdi.

Batun mai walda

Ba na raina masu waldar Sabon Gari. Sun yi mini keken jan kaya, sun yi mini dandamali, sun yi mini akwatin batir da har yau yana aiki. Amma wannan ba aikinsu ba ne, kuma ga dalili. Faɗin sensa milimita 9.6 ne, an raba shi gida 1920, kowane ɗigo ke nan 0.005 na milimita. Idan ƙofar haske a buɗe take, kuskuren da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya sa gefen dama ya fito tas, gefen hagu ya yi dishi-dishi. Dole bakin kyamara ya haɗu da farantin a miƙe ƙyam, ba karkata sama ko ƙasa, ba dama ko hagu. Walda kuwa zafi ce, ƙarfe yana ja idan ya huce. Ko ya dace ranar farko, za ka riƙa tilasta wa bakin kyamara ya bi ƙarfen, nauyin da kake gudu ya dawo ta bayan gida. Sannan mai walda ba zai ƙera maka fulogi mai fil 36 ba, kuma ba tare da shi ba gilashin kurma ne: ba saƙon ƙofar haske, ba komai.

Na taɓa ganin ɓarnar da ido. Wani aiki ne a Kaduna shekarun baya, matallafin ma na asali ne. An tashi, ana sauri, wani yaro mai ƙarfi ya kama hannun kyamara ya ɗaga da niyyar ya sauke komai gaba ɗaya. Ƙara ɗaya muka ji, ƙas. Kyamarar ba ta mutu ba, amma daga ranar hotonta bai sake haɗuwa daidai ba. Tun daga nan dokata ita ce kyamara ce ƙarshen hawa, ita ce farkon sauka, kuma gilashin mutum biyu ke ɗaukarsa ta hannuwansa na kansa.

Abin da dillali bai lissafa maka ba

Masu doki a birni sun san sayensa ne mai sauƙi. Haɗa nauyin: gilashi 23.5, kyamara da batir wajen 6, matallafi, allon dubawa, hannuwa biyu da maɓallansu. Ka haura kilo 40, da cikakken sirdi kuma ka kusa 50 ko ka wuce. Tirafod ɗin da kake da shi, in irin Sachtler Video 18 ne, iyakarsa wajen kilo 20. Kana buƙatar kan tirafod, wato sashen da ke juya kyamara, irin Vinten Vector 750, mai ɗaukar kilo 75, da ƙafafu masu kauri. Kada ka ce za ka lallaɓa da ƙarami. Ba faɗuwa kaɗai ake tsoro ba. Kan da ya fi ƙarfin kayansa shi ne ke ba ka damar sakin hannu kyamara ta tsaya inda ka bar ta, ka kuma bi doki a hankali ba tare da fizga ba. A ganina, wanda ba shi da kuɗin wannan kan ba shi da kuɗin gilashin.

Sai maɓallan hannu. Gilashin akwati ba a taɓa shi da hannu kamar ƙarami, komai yana cikin rufi. Zum yana hannun dama, fokos yana hagu, ko akasin haka in haka mai ɗauka ya saba, kowanne da na'urarsa da wayarsa. Na Canon ba sa aiki a Fujinon, na Fujinon ba sa aiki a Canon. Sau da yawa ana sayar da gilashi na hannu tsirara, waɗannan an riga an sayar da su daban. Wuta ma haka. Injinan da ke tura manyan gilasai a ciki suna jan wuta fiye da abin da ƙaramin fulogin kyamara ya saba bayarwa, don haka yawanci ana ba matallafin nasa bolt 12 daban. In da janareta kuke aiki, ka sa batir ko UPS a tsakani. Wutar da ke hawa da sauka ba ta yi wa allunan cikinsa daɗi.

Saitin baya

Duk lokacin da aka haɗa gilashi da kyamara sabon haɗi, sai an yi bakfokos, wato daidaita tazarar da ke tsakanin bayan gilashi da sensa. Alamar rashin yinsa kowa ya san ta: ka janyo fuskar mai tafsiri ta fito tas, ka buɗe don a ga masallaci sai komai ya dushe. Yadda ake yi: ka kafa takardar saiti mai zanen tauraro a nesa kaɗan fiye da mafi kusancin da gilashin ke iya gani, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, in rana ta yi yawa ka rage ta da ND, gilashin rage haske, maimakon rufe ƙofar. Ka janyo zuwa ƙarshe ka saita fokos da hannu. Ka buɗe zuwa ƙarshe, kada ka taɓa fokos, ka murɗa maɓallin bakfokos mai alamar F.B. da ke jikin gilashin har tauraron ya fito. Ka maimaita sau biyu ko uku, ka ɗaure.

A nan Zariya akwai ƙari. Ka yi saiti da asuba cikin sanyin hunturu, zuwa azahar ƙarfe ya sha rana ya buɗe, saitin ya gusa kaɗan. A bazara ya fi muni. Ni nakan kunna kaya su ɗumama kamar rabin awa kafin saiti, in sake dubawa dab da fara aiki, kuma in nema wa gilashin inuwa ko da laima ce.

Kana buƙatarsa kuwa?

Mu yi lissafi da mita, domin lambar 86 tana ruɗar mutane. Ita dai tana nufin daga milimita 9.3, inda ya fi buɗewa, zuwa 800, inda ya fi janyowa. A kan sensa 2/3, idan kana nesa da abu da mita 100, milimita 800 za ta ba ka fili mai faɗin mita 1.2, wato mahayi daga rawani zuwa ƙirji. Gilashinka na yanzu, in mai sau 22 ne da ke tsayawa a wajen 168, zai ba ka mita 5.7 daga wannan nisan, dawaki uku ko huɗu ke nan a jere. Bambancin a fili yake, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskar Mai Martaba a ƙarƙashin laima an janyo ta daga can ƙarshen filin Ƙofar Fada zai gane abin da ke jan ka.

Amma akwai abubuwan da takardar talla ba ta faɗa. Gilashin yana riƙe haskensa na f/1.7 (ƙaramar lamba a nan tana nufin haske mai yawa) har zuwa wajen milimita 340, daga nan ya riƙa raguwa har f/4 a 800. Da rana wannan ba komai ba ne. A tafsirin dare ko taron da ya kai magariba, ƙarshen zum ɗin duhu ne. Ka sa ninki biyu, wato ƙarin gilashin da ke cikinsa mai ninka janyowa, ka kai 1600, hasken ya sake komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ba ya ganin abin da ya fi mita 3 kusa, don na fili ne. Na situdiyo na gaskiya, irin Canon UJ27x6.5B, yana gani tun daga santimita 60, yana kuma buɗewa sosai, shi ya sa ake sa shi gaban mai karanta labarai. Mutane suna haɗa su a suna ɗaya saboda duka akwati ne, amma aikinsu daban. Mai sau 86 a cikin ɗakin da bai wuce mita 8 ba wahala ce kawai.

Sai iskar garinmu. Tsakaninka da abin da kake janyowa akwai mita 100 ko 200 na ƙura. A hawan sallah dawaki na tayar da ita, 'yan bindiga na ƙara hayaƙi, ƙasa kuma tana fitar da hucin da ke sa hoto rawa kamar kana kallo ta cikin ruwa. A lokacin hazo kuwa launi yana wankewa tun kafin ya iso gilashi. Babu tsadar gilashin da ke maganin wannan. Haka girgiza. Na taɓa kafa babban gilashi a kan dandamalin katako, ni da wasu masu ɗauka uku, duk wanda ya gyara tsayuwa sai hotona ya yi tsalle. Wasu gilasan suna da abin rage girgiza a ciki, yana taimakawa, amma maganin gaske shi ne dandamali biyu: ɗaya na tirafod, ɗaya na mai ɗauka, ba sa taɓa juna. Wannan kam ka kai wa mai waldarka, zai yi maka shi da kyau.

Akwai kuma batun yawan kyamarorinka. Biyu ne. Ka ɗaure ɗaya a bayan akwati, ta zama dasasshiya, ba ta bin ayari daga filin idi zuwa fada, ba ta shiga lungu. Saura ɗaya ta yi maka faɗi da kusa da motsi duka. Tashar da ke da kyamara shida tana iya sadaukar da ɗaya. Kai fa?

Abin da nake ganin ya fi dacewa da kai shi ne na tsakiya. Akwai dogayen gilasai na kafaɗa, Canon HJ40x10B mai kaiwa milimita 400, ko Fujinon HA42x9.7 mai kaiwa wajen 410. Nauyinsu kilo 5 da ɗoriya. Su ma suna son ɗan matallafi a ƙarƙashi, amma mutum ɗaya na ɗauka, matsakaicin tirafod mai kyau na riƙewa, fulogin fil 12 ne kai tsaye. A mita 100 suna ba ka faɗin mita 2.4, da ninki biyu kuma 1.2, daidai da abin da akwatin ke bayarwa, sai dai da ƙarancin haske. Don yaye ɗalibai a Samaru ko Kongo, da hawa, da tafsiri, wannan ya ishe ka. Inda akwati ke nuna fifikonsa ba gardama shi ne ƙwallo da folo, inda ake bin abu mai gudu daga nesa ana janyowa ana buɗewa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ƙwallon ce za ta zama rabin aikinka, to maganar ta canza.

In ka nace sai shi

Ban ga kyamarorinka ba, ban ga gilashin ba, kuma daga hoto ba a yanke wa gilashi hukunci. Ba a cinikin biri a sama. Ka je da kyamararka, ko ka tura wanda ya san aikin.

Fara da karanta lambar jikinsa. A Canon, XJ na HD ne, UJ na 4K, PJ kuwa na zamanin SD ne, kafin zuwan HD. A Fujinon, XA da HA na HD, UA na 4K. Tsohon na SD zai hau, zai ba da hoto, amma gefunan za su yi laushi, za ka kuma ga jan layi da shuɗi a bakin farar riga ko rawani. Araha ba ta ado. Ka tambayi irin maratayin da ke bayansa, domin akwai na tsarin Sony, akwai na wasu kamfanoni, kuma dole ya dace da matallafin da za ka samu. Ka haska tocila ta gaba da ta baya a ɗaki mai duhu. Kayan da suka daɗe a ajiye a Legas danshi na sa musu fumfuna a ciki, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo, kuma in ta ci fatar gilashin ba ta gogewa. Ka sa zum a mafi sanyin gudunsa ka saurara, ka kuma kalli allo: in yana tafiya yana tsayawa, ko yana gurnani, injin ya gaji. Ka gwada ninki biyu ya shiga ya fita sau da yawa. Ka yi bakfokos a gaban mai sayarwa, ka bar kayan a kunne awa ɗaya, ka sake dubawa.

Kafin duk wannan, ka yi hayar irinsa na aiki ɗaya, da matallafinsa da tirafod ɗinsa da mai kula da shi. Ka sa yaranka su loda shi a mota, su hau da shi dandamali, su bi doki da shi a milimita 800, inda fokos ke kuɓucewa da taku biyu na dokin. Za ka ga ko akwai wanda hannunsa ya faɗa a cikinsu, za ka kuma ga ko bayan motar taku yana ɗaukar akwatunan, don gilashin kaɗai a cikin akwatin tafiyarsa ya kusa cika but ɗin ƙaramar mota.